Wa Ya San Gwaggo Ba Ta Ɗora Tukunya Ba?

A farkon watan Fabrairun 2024, makon da mata masu gurasa suka fito kan titi a Kano suna kokawa da tsadar fulawa, edita ya tura ni in zaga unguwanni in ji yadda magidanta suke fama. Wata takwas ke nan da cire tallafin man fetur, hauhawar farashi kuwa ta kusa kai kashi 30 cikin ɗari. Na yi Kurna, na yi Dakata, na cika littafina da koken mutanen da ban taɓa gani ba. Da la'asar ta yi sai na tuna ina kusa da Birget, inda ƙanwar mahaifina take zaman haya da jikokinta uku tun rasuwar mijinta. Rabona da ita tun ƙaramar Sallah, kusan wata goma. Na ce bari in leƙa mu gaisa.

Na tarar da baƙi a ɗakin. Mata biyu ne zaune a kan tabarma, ɗaya dattijuwa, ɗaya ba za ta wuce sa'ata ba. A gefen ƙofa ga leda mai garin masara da ƙullin wake da 'yar kwalbar manja. Ƙaramar tana riƙe da littafi irin na 'yan firamare, tana tambayar Gwaggo ko maganin yaron mai sikila ya ƙare, da ranar da kuɗin haya zai cika. Gwaggo na ba da amsa, ita kuma tana rubutawa. Dattijuwar ta amsa gaisuwata da Hausa irin tamu ta yammacin Kano, mai ɗan jingina da Katsinanci. Ba don ƙaramin gicciyen da na hanga a wuyanta ba, da na ɗauka daga wani gidan danginmu ta fito.

Da suka yi sallama suka fita na ce, "Gwaggo, su wane ne waɗannan?"

Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta faɗar sunana. Ta ce, "'Yan coci ne, Babana. Duk sati biyu suke zuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun kaka, da na ajiye suyar ƙosai. Wake da mai sun cinye jarin."

Na ce, "Haba Gwaggo, me ya hana ki gaya mini?"

Ta dube ni ba tare da fushi ba, ta ce, "In ka bugo waya kana cewa ya gida, ni kuma ina cewa lafiya lau. To, me zan ƙara?"

Na bi diddigin yadda suka gano halin da take ciki. Babu wani abin mamaki a ciki. Wata maƙwabciyarta Kirista a gidan hayar ce ta lura ƙanshin ƙosai ya daina tashi da asuba, kasko kuma ya yi kwanaki a kife. Ta kai maganar ƙungiyarsu ta coci, aka turo mutum biyu su zo su gani da ido. Ni da nake ɗan wanta, mai albashi, wanda sana'arsa ita ce tambaya, sai da na zo na tarar da labarin a littafin wasu.

Hayaƙin Gammo

Mu mutanen Gammo ne, a ƙaramar hukumar Kabo. Wanda ya bi titin Gwarzo daga Kabuga, ya wuce Rimin Gado, ya san irin ƙasar: gero da dawa da gyaɗa, da rumbuna a tsakar gida. Ba na cikin masu yi wa ƙauye kwalliyar da ba tasa ba. Akwai yunwa a can, musamman a tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya iso. Amma yunwar ƙauye ba ta iya ɓuya. Gidan da hayaƙi bai tashi ba da magariba, kafin isha maƙwabta sun sani. Matan gidaje suna ciyayya, kwanon tuwo ya fita wani ya shigo, kuma duk wadda kwanonta ya daina fita an gane abin da ake ciki ba sai ta buɗe baki ba. Idan aka yi girbi, manomi ya fitar da dami ɗaya cikin goma, ya san gidan da zai kai. Mai unguwa da liman sun san gwauruwa, sun san maraya, sun san wanda ciwo ya kwantar bai yi noma ba. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan sani, don ba a buƙatar rubutawa.

Da muka shigo birni mun taho da zakkarmu da sadakarmu da tausayinmu, amma wannan sanin mun baro shi a gida. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kowa da ƙofarsa da kwaɗonsa, girki da gawayi ko gas a lungu. Maƙwabcinka na bana ba shi ne na baɗi ba. Mai unguwa ɗaya yana riƙe da mutanen da suka fi na gunduma guda a karkara yawa. A irin wannan zama matalauci iri biyu ne: wanda ya cire kunya ya fito bakin titi, da wanda ya rufe ƙofa ya yi shiru. Na farko shi muke gani, shi ke karɓar canjin da muke miƙawa ta tagar mota. Na biyu sai an neme shi, nema kuwa aiki ne mai cin lokaci da ƙafa.

Wannan aikin neman shi ne abin da na ga matan nan biyu suna yi. Shi ya sa na koma na yi karatu a kan ƙungiyarsu.

Littafi da jaka

Sunanta Ƙungiyar St. Vincent de Paul. An kafa ta a birnin Faris a 1833, shekara guda bayan annobar kwalara ta yi ɓarna a unguwannin talakawan birnin. Jagoranta ɗalibin jami'a ne mai shekara 20, Frédéric Ozanam. Abokan muhawararsa sun sha yi masa gori cewa yana ta yabon abin da coci ta yi a da, to yau me take yi wa talaka? Shi da 'yan abokansa kaɗan suka ga gorin yana da tushe. Suka je wurin wata ma'aikaciyar coci, Sista Rosalie Rendu, wadda ta shafe shekaru tana aiki a unguwar matalauta ta Mouffetard. Abin da ta fara ba su shi ne sunayen iyalai da inda suke zaune, tare da koya musu yadda ake shiga gidan mabuƙaci ba tare da an ci masa fuska ba. Yau ƙungiyar tana cikin ƙasashe kimanin 150.

Tsarinta bai sauya sosai ba tun lokacin. Kowace coci tana iya samun ƙaramin reshe. Mambobin ba limamai ba ne, mabiya ne kawai: malamin makaranta, tela, ma'aikaciyar jinya, ɗan fansho. Suna zama a kai a kai, kowa ya ba da rahoton gidajen da ya ziyarta, a yanke abin da za a yi wa kowane gida. Akan zagaya da jaka kowa ya sa hannu ya saka abin da ya sawwaƙa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya saka. Ziyara mutum biyu ake yi, don a kare mutuncin mai gida da na baƙin, kuma kada wani ya mai da dukiyar jama'a hanyar neman suna. Ƙa'idarsu ta ce a taimaki mabuƙaci ba tare da duba addininsa ko ƙabilarsa ba. Sirrin gidan da aka shiga ba ya wuce zaman reshe.

Wannan reshe shi ne matakin ƙasa na wani gini mai hawa-hawa. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙar da ake kira Rerum Novarum, a kan haƙƙin ma'aikata da albashin da zai riƙe iyali, kuma daga nan cocin Katolika ta ɗauki batun talauci a matsayin koyarwa mai zaman kanta. A 1897 aka kafa ƙungiyar Caritas a Jamus, reshenta na Najeriya kuma ya tsaya da ƙafarsa a 2010. A ƙarƙashin bishop-bishop akwai hukumomin adalci da raya al'umma da zaman lafiya, masu haƙa rijiyoyi da ziyarar gidajen yari da koyar da sana'a. Amfanin wannan hawa-hawa shi ne, matsalar da ta fi ƙarfin jakar reshe tana da inda za a miƙa ta.

A Kano ma ba baƙon abu ba ne. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita ayyukan mishan a cikin biranen masarautu, shi ya sa majami'u suka taru a wajen ganuwa, musamman Sabon Gari. Matan ƙungiyar St. Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948, makarantarsu ta 'yan mata a Bompai kuwa ta yaye 'ya'yan Musulmi da yawa da yanzu suke likitoci da lauyoyi. Kano ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, Bishop John Namaza Niyiring yake jagorantarta tun 2008. Wanda ya zarce daga Gwarzo ya bi ta Dayi zai faɗa Malumfashi, garin Gerald Mamman Musa, Bahaushen da aka naɗa bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katsina a 2023. Dattijuwar da na tarar a ɗakin Gwaggo daga wannan yanki iyayenta suka fito. Kakanninta Maguzawa ne, kuma ba mamaki sun ci kasuwa ɗaya da nawa kakannin.

Tambayar da na ji kunyar yi

Ba zan ɓoye ba, bayan kunya abu na biyu da ya zo mini shi ne zargi. Na sassauta murya na ce, "Gwaggo, ba su ce ki bi addininsu ba?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Babana, shekara nawa ina salla, kwanon masara ne zai ɗauke ni? Ita babbar nan, in ta ji kiran salla ita take cewa in tashi, za su jira."

Duk da haka ba zan ce zargin irin nawa ba shi da asali ba. A tarihin Arewa asibitin mishan da makarantar mishan sun zo ne tare da wa'azi, kuma masu aikin ba su taɓa ɓoye cewa suna fatan mutane su karɓi addininsu ba. Mai jin yunwa ba ya cikin halin yin ciniki, don haka duk wanda ya haɗa abinci da kira, ko daga wane ɓangare yake, ya cancanci a sa masa ido. Wannan tsoro ne ya tashi tsakanin ƙarshen 2018 da farkon 2019, lokacin da Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya yi maganar koya wa almajirai miliyan 10 sana'o'i, ƙungiyoyin Musulmi suka ce ba su yarda ba. Ina fahimtar dalilinsu. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya: mun ƙi tayin, muka koma harkokinmu, yaran kuma suna nan a bakin tasha da robobinsu.

Akwai kuma abin da ya faru a Yola. Daga 2014, da Boko Haram ta kori mutanen arewacin Adamawa, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar cocin St. Theresa ga 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi. A 2021 aka buɗe rukunin gidaje 86 da dayosis ɗin ta gina wa waɗanda ba su iya komawa gida ba, a ƙaramar hukumar Girei, kuma a ciki har da masallaci. Ya sha suka daga wasu mabiyansa a kan masallacin. Wanda yake son yin adalci dole ya riƙe labaran nan duka biyu, na tsoron da na masallacin, ya auna kowane aiki da abin da ya gani a cikinsa. A ɗakin Gwaggo abin da na gani shi ne masara da magani da littafi.

Ranar da aka tara mutane a bakin ƙofa

Da a nan labarin ya tsaya, da sai ya zama yabon wata ƙungiya kawai. Amma ranar 21 ga Disamban 2024, a cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja, reshen wannan ƙungiya ta St. Vincent de Paul ya shirya rabon kayan abinci na Kirsimeti. Labari ya bazu, jama'a suka yi dafifi tun kafin gari ya waye, aka yi turmutsitsi. 'Yan sanda sun ce mutum 10 suka mutu, huɗu daga ciki yara. A ranar ma an yi irinsa a Okija ta jihar Anambra, kwana uku kafin nan kuma yara 35 suka mutu a Ibadan. Mu ma ba mu tsira ba: a watan azumin shekarar, cikin Maris, an rasa rayuka a Bauchi a wurin rabon zakka, yawancinsu mata.

Na daɗe ina tunani a kan na Maitama, domin ƙungiya ɗaya ce da wadda ta gano Gwaggo, aƙida ɗaya, niyya ɗaya. Bambancin yana cikin hanyar da aka bi. A Birget mutum biyu ne suka taka zuwa ɗaki ɗaya da suka riga suka san buƙatarsa. A Maitama an ajiye kaya a wuri ɗaya, mabuƙata suka taho. Duk inda aka yi haka a shekarar yunwa, mai ƙarfin kafaɗa ne zai isa gaba, tsohuwa da mai goyo su ne a ƙasa, irin su Gwaggo kuma ko fitowa ba za su yi ba. Rabon bakin ƙofa ya fi sauƙi, ya fi kyau a hoto, ana gama shi a wuni guda. Ziyara ba ta da ranar gamawa, kuma ba mai ɗaukar hotonta.

Abin da yake namu tun asali

Ba kuɗi muka rasa ba. Zakkar da attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau suke fitarwa a shekara ba abin da jakar wani reshen coci za ta tunkara ba ne. Ba hukuma muka rasa ba, Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Ba masu himma muka rasa ba: akwai 'yan agaji a asibitoci, akwai kwamitocin marayu masu ɗinka kayan Sallah, akwai matan FOMWAN da suke aiki tun 1985. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne ƙaramin rukuni a matakin masallacin unguwa, mai zama duk mako, mai littafi, wanda zai iya faɗin gidajen da ba a ɗora tukunya ba jiya a layuka biyar da suke kewaye da shi, kuma ya koma bayan sati biyu ya ga yadda aka kwana.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ba aro za mu yi ba. Cikin kashi takwas na waɗanda ake ba zakka da Suratut Tauba ta lissafa, akwai ma'aikatan da suke tattara ta suna rabawa. Ma'ana, shari'a ta san cewa gano mabuƙaci aiki ne, har ta ware masa lada daga cikin dukiyar. Suratul Baƙara ta yi maganar matalautan da kamun kai yake hana su roƙo har wanda bai sani ba ya ɗauka mawadata ne. Kowane ɗan Islamiyya ya san labarin Sayyidina Umar yana zaga Madina da dare, ya tarar da matar da take lallashin 'ya'yanta da tukunyar da babu abinci a ciki, ya koma ya saɓo buhu a kafaɗarsa. Mun haddace labarin, muna zubar da hawaye in mai wa'azi ya kawo shi, amma sashen zagayen ne muka bari.

Kada kuma a ɗauka ina cewa ziyara za ta magance talauci. Garin masarar da matan nan suka kawo bai kai sati ba. Mijin Gwaggo ya yi shekaru yana gadi a wata masana'anta, ya mutu bai bar fansho ba, kuma wannan ba matsalar da jakar sadaka za ta warware ba ce. Albashi da farashi da asibiti nauyin gwamnati ne, mu 'yan jarida kuma aikinmu ne mu ci gaba da tuna mata. Sai dai kafin a gyara waɗannan, akwai yaro mai sikila da maganinsa yake ƙarewa ranar Laraba, kuma dole wani ya san ranar.

Bayan abin da ya faru na kai magana dandalin WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Kano. Na ba da shawarar mu rubuta gidajen zawarawa da tsofaffi da marasa lafiya daga cikinmu, mu raba kanmu bibbiyu, maza wurin maza, mata wurin mata. Wani dattijo ya ce wannan tonon asiri ne. Wani ya ce ai muna tara kuɗi duk azumi. Da na faɗi inda na ga tsarin, wasu suka yi shiru irin wanda na gane ma'anarsa. Daga ƙarshe wata yayarmu malamar makaranta ta ce ita za ta riƙe littafin, ba mai gani sai mutum uku. Muka fara da gida goma sha ɗaya. A zagayen farko muka gano biyu daga ciki ba sa buƙatar komai sai hira, muka kuma gano wasu uku da ba mu sa su a lissafi ba sam. Ni da na kawo shawarar sau biyu ina saɓa ranar ziyarata saboda aiki, sai da malamar ta kira ni ta ce, "Ƙanena, zumunci a ƙafa yake, ba a waya ba."

Gwaggo ta koma suyar ƙosai da jarin da muka haɗa mata. Matan cocin sun rage zuwa, sun ce akwai gidajen da suka fi ta buƙata yanzu, amma dattijuwar takan biyo lokaci-lokaci su gaisa. Da Babbar Sallah Gwaggo ta ware mata nama a cikin ɗan abin da ta samu, ta aiki babban jikanta ya kai mata har gida.

Kwanan baya na je da yamma, na zauna a kan tabarmar nan. Ban ce ya gida ba. Na ce, "Gwaggo, saura kwana nawa maganin yaron nan ya ƙare?" Ta ɗaga ido ta yi lissafi da yatsu, ta ce saura shida. Na ciro littafina na rubuta.